Wanzamin Bahar Maliya: Kifin Adon Da Ba Ya Jure Zafin Gobir

Kowa ya san tsarabar Umra: dabino, zamzam, bagaruwa, carbi da 'yan kunne. To amma da Gwaggona ta sauka gida Sabon Birni, abin da ya fi tara mata mata a tsakar gida shi ne wani ɗan hoton bidiyo da jikanta ya ɗauko a waya. Kafin su hawo jirgi a Jidda an kai su gidan kallon kifaye na Fakieh, wanda aka buɗe a 2013 a bakin Bahar Maliya. A cikin hoton ga wani ƙaton kifi ya tsaya cak ya wangale baki. Sai ga wani ɗan siriri da bai wuce tsawon yatsa ba, mai baƙin zane daga baki har wutsiya da shuɗi mai ƙyalli, ya shige bakin nan yana tsince-tsince, ya fito lafiya lau.

Nan take surukar Gwaggo, wadda ko shekara ba ta cika a ɗaki ba, ta ce ita fa sai an sa mata irinsa a falo, cikin akwatin gilashi kamar yadda take gani a finafinai. Maigidanta ya ce zai sa a bincika masa a Kano ko Legas. Ni kuma aka jingina mini tambaya, wai ni ce na yi boko: zai rayu a nan? Abin da na gano shi ne na ga ya dace in kawo miki, uwargida, domin akwatin kifi ya fara shiga sahun kayan ɗaki, kuma kuɗi da rayuka ne ke salwanta idan aka saya da ka.

Wane ne wannan kifi?

Turawa suna kiran danginsa da suna ras. Dangi ne babba, ya haura iri 600, kuma yawancinsu suna zaune ne a tekuna masu ɗumi, a tsakanin duwatsun murjani, 'yan uwan murjanin da iyayenmu ke ɗaurawa a wuya. A cikinsu akwai ƙanana kamar yatsa, akwai kuma babban yayansu da mutanen Jidda ke kira tarabani, mai ƙullutu a goshi, wanda kan kai tsawon mita 2 da nauyin kilo 180. Saboda yawan kama shi, a 2004 ƙasashen duniya suka sanya shi cikin halittun da aka taƙaita cinikinsu.

Shi kuwa na cikin wayar Gwaggo, in za a raɗa masa sunan Hausa, wanzami ya fi dacewa da shi. Yana da wurin zama ɗaya a jikin dutse, kamar rumfar aski a kasuwa. Manyan kifaye su ke zuwa su yi layi, ya bi jikinsu yana cire musu ƙananan ƙwari masu shan jini irin na kaska, da matacciyar fata, har cikin baki da kunnuwan da suke numfashi da su. Kifin da abincinsa shi ne 'yan uwansa kifaye, in ya zo rumfar nan sai ya yi laƙwas. Wata masaniya a ƙasar Ostireliya, Alexandra Grutter, ta ƙirga ta samu cewa wanzami ɗaya yakan duba kifaye sama da 2,000 a yini, ya cinye ƙwari kimanin 1,200.

Halinsa ma abin kallo ne. Ya fi son yauƙin jikin kifi a kan ƙwarin, don haka wani lokaci yakan ha'inci mai aski ya gartsa masa cizo. Wanda aka ciza sai ya kore shi ko ya canza rumfa. A 2006 ita Grutter da abokin aikinta Redouan Bshary suka nuna cewa idan wanzamin ya lura wasu kifaye na kallonsa, yakan rage ha'inci. Ashe aiki don idon jama'a ba a kan ɗan Adam ya fara ba.

Zaman gidansu kuwa sai ki riƙe baki. Namiji ɗaya ne da mata da yawa, kowace da matsayinta gwargwadon girmanta. Ranar da maigidan ya mutu, uwargidan, wato wadda ta fi girma, cikin 'yan sa'o'i za ta fara ɗabi'un namiji, kafin 'yan makonni kuma jikinta ya juye ta zama namiji sosai, ta gaji kishiyoyinta. Tun 1972 masana suka rubuta wannan. A 2019 kuma Masanori Kohda da abokansa a birnin Osaka na Japan suka ɗiga wa wanzamin tabo a maƙogwaro, inda ba ya iya gani sai da madubi. Da ya duba madubin sai ya je ya goga wuyansa a ƙasa, ya dawo ya sake dubawa. Subhanallahi!

Abin da yake nema a gida

Masu kiwon kifin teku a Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa suna ajiye wasu daga cikin dangin ras, kuma sharuɗɗan da suke bi sanannu ne.

Na farko ruwa. Kowace lita tana son gishiri giram 35, kuma gishirin miya ba ya yi. Wani haɗi ne na musamman da ake shigowa da shi daga waje, a narka shi a ruwan da inji ya tace tas. Ƙaramin akwatin da ake yarda da shi yakan ci lita 200, wato duro guda ko jarka 8 masu lita 25. Cika shi kawai zai lashe gishiri kilo 7. Bayan haka duk mako ko mako biyu sai an zubar da kashi ɗaya cikin goma an haɗa sabo. Ruwan da zafi ya ƙone kuwa da ruwan daɗi ake cike gurbinsa, domin gishiri ba ya tashi da tururi.

Na biyu haƙuri. Ba a zuba kifi ranar da aka cika akwati. Sai ya yi mako 4 zuwa 6 injuna na aiki, har wasu ƙwayoyin halitta masu amfani su hayayyafa a jikin duwatsu, su ne ke kashe dafin da ke fita daga kashin kifi.

Na uku wurin kwana. Wasu irin ras ɗin da magariba ta yi sai su nutse cikin rairayi su kwana, don haka sai an shimfiɗa musu lallausan rairayi mai zurfin santimita 5 zuwa 8. Wasu kuma, ciki har da wanzami, a kogon dutse suke kwana, su lulluɓe kansu da yauƙi kamar gidan sauro. Dukkansu gwanayen tsalle ne: akwatin da ba murfi, wata safiya a kan darduma za ki tsinci kifinki.

Na huɗu abinci. Nama suke ci, ƙananan jatan lande da makamantansu, sau biyu ko uku a rana, kuma a firji ake ajiye shi. A nan ne wanzami ya fi ba da wahala. Wanda ya saba duba kifaye 2,000, idan aka kulle shi da guda biyar, ko dai ya dame su da cizo ko ya rame ya mutu. Shi ya sa ƙwararrun masu kiwo da yawa suke cewa a bar shi a teku.

Mu yi lissafin gida

Ruwan kifin murjani ana son ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27, dare da rana, rani da damina. Ke kin san Sabon Birni da Isa a watan Afrilu: zafi yana haura digiri 40, ruwan randa ma sai an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu. Da hunturu kuma dare ya yi sanyi, ƙura ta cika ɗaki. Ke nan ana buƙatar injin sanyaya ruwa da na ɗumama shi, ga famfon da ke juya ruwa, ga matata, ga fitila, kuma ba wanda za a kashe. Idan famfo ya tsaya na 'yan sa'o'i a cikin zafi, iskar da ke cikin ruwa ta ƙare, kifi ya shaƙe. Gidan da ba shi da sola mai ƙarfi da batura da janareta a ajiye, ya san amsarsa.

Ga kuma nisa. Daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 1,000 a mota, kuma ko a Legas ɗin baƙo ne. Daga Indonesiya, Filifin, Kenya ko Bahar Maliya ake ɗauko irinsa a jirgi cikin leda. A wasu wuraren ma da guba ake sumar da kifin ado kafin a kama shi, ya iso hannun mai saye da ciwo a ciki. Can inda aka ɗauke shi ma an bar giɓi: binciken da aka shafe sama da shekara 8 ana yi a tsibirin Lizard na Ostireliya ya nuna cewa duwatsun da aka kwashe wa wanzamai, kifayensu sun ragu, wasu kuma sun tsumbure.

Da na gama wannan bayani, Gwaggo ta dubi surukarta ta ce, "Ke ɗiyata, wanga kihi ɗan sarki na. Mu da muka biɗar ruwan sha, ina mu ina renon shi?"

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Malamai sun halatta ajiye dabba ko tsuntsu don sha'awa, suna kafa hujja da ɗan tsuntsun da ƙanin Anas bin Malik yake wasa da shi a Madina. Sharaɗin shi ne a ba ta haƙƙinta. Mun kuma san hadisin Bukhari da Muslim game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kifi ba ya kuka, ba ya kai ƙara, amma duk wanda kika sa a gilashi amana ce a wuyanki.

Namu na gida fa?

Allah bai bar mu haka ba. Gulbin Rima, wanda ruwan Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke ciyarwa, ya ratsa ƙasar nan ta kusa da kufan Alƙalawa ya gangara madatsar Goronyo, kuma tun kaka da kakanni masunta ke shiga da gora da homa. Abin da da yawanmu ba mu sani ba, irin kifin da muke soyawa, Turawa kuɗi suke sawa su saya don ado. Ƙurungu, wanda wani irinsa ke iyo a rigingine, sananne ne a shagunan kifin ado na Turai, kuma daga kogunan Afirka asalinsa yake.

In abin mamaki kike nema, dubi ƙarfasa. Uwar takan kwashe ƙwanta ta riƙe a baki, ta yi kwana da kwanaki ba ta cin komai har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito, da sun ga abin tsoro sai su ruga su koma bakinta. Dubi gaiwa, mai huhu kamar dabbar tudu. Idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta naɗe kanta da yauƙi, kamar dai yadda wanzami ke yi da dare, sai dai ita watanni take yi a haka tana rayuwa da naman jikinta har ruwan sama ya sauko. Ga darasin tauhidi da na kimiyya a tsakar ɗaki, yara na gani da idonsu.

Ƙananan ƙurungu ko ƙarfasa biyu ko uku za su zauna a akwatin gilashi da ruwan rijiya ko na burtsatse. In ruwan famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba. Ki ajiye akwatin inda rana ba ta dukansa, ki canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ki ba su abin da za su cinye cikin 'yan mintoci kawai, kada sabulu ko omo ya kusance shi. Ɗan injin hura iska mai batir ko ƙaramar sola ya wadatar. Gaiwa ita kaɗai ake ajiyewa domin tana da cizo. Ki gargaɗi yara game da ƙayar ƙurungu, minjirya kuwa kada ma ta shigo gidan.

Wadda kuma take son ado da riba a haɗe, ga tarwaɗa. Tana iya shaƙar iska daga saman ruwa, tana son ɗumi, don haka yanayinmu nata ne. Da tankin roba mai lita 1,000 a inuwa za ki iya farawa da 'ya'ya kamar 50. Ki riƙa ware manya daga ƙanana domin suna cin junansu, ki riƙa canza ruwa kafin ya yi wari, tsohon ruwan kuma ki ba zogale da yakuwa, taki ne. In abinci ya wadata, cikin wata 5 zuwa 6 sun isa ci ko sayarwa. Tankin ya kasance da murfi mai ƙarfi a kowane lokaci, saboda yaro mai rarrafe ba ya buƙatar ruwa mai yawa kafin a yi kuka. Mai neman ƙarin ilimi, akwai sashen nazarin kifi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da 'yan bindiga suka addaba tun wajen 2019, inda a ƙauyuka da dama fita fadama ko bakin gulbi da asuba ta zama abin fargaba. Kifin da ke bayan ɗakinki nama ne ga yara, kuɗin cefane ne, kuma ba sai wani ya bi daji kafin a same shi ba.

Amaryar Gwaggo dai ta samu akwatinta. Ƙurungu uku ne a ciki, da 'yan duwatsun gulbi da fasasshen tulu da suke ɓuya a ciki. Da yamma 'ya'yan maƙwabta kan cika falon suna gardama a kan wanne ne uwargida a cikinsu. Wanzami kuwa yana nan a wayar, duk wadda ta zo barka da sauka sai an nuna mata.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar duk abin da Ya sanya a hannunmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, amin.