OK: Kalmar da Ta Fara da Wasa

Haruffa biyu ne kacal, amma da wuya a sami ƙasar da ba su kutsa ba. Direba na faɗinsu, likita na faɗinsu, wanda ya gaji da dogon surutu a WhatsApp ma sai ya danna su ya ajiye waya.

A ƙarshen shekarun 1830, 'yan jaridar birnin Boston na Amurka sun shiga wani yayi na ɓata rubutun kalmomi da gangan, sannan su taƙaita su don ban dariya. Ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta buga "o.k." a madadin "oll korrect", wato gurguntaccen rubutun "all correct", ma'ana komai daidai. Sa'o'inta na wancan yayi tuni aka manta da su. Ita kuwa siyasa ce ta cece ta.

A 1840 Shugaba Martin Van Buren yana neman tazarce. Haifaffen garin Kinderhook ne a jihar New York, ana yi masa laƙabi da "Old Kinderhook". Magoya bayansa suka ga haruffan sun faɗo daidai, suka kafa ƙungiya mai suna O.K. Club, 'yan adawa kuma suka riƙa juya haruffan suna yi masa shaguɓe. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, amma kalmar ta riga ta kama bakin jama'a. Daga baya ma'aikatan wayar tangaraho suka ɗauke ta don tabbatar da isar saƙo.

Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ne ya tono wannan tarihi a 1963 da 1964. Amma akwai masu jingina kalmar ga "okeh" ta harshen Choctaw, 'yan asalin Amurka. Shugaba Woodrow Wilson ma haka yake rubuta ta. Wasu sun ce bayi ne suka kai ta daga harshen Wolof na Senegal. Labari ne mai daɗin ji ga ɗan Afirka, sai dai hujjar Boston ce ke rubuce a takarda.

Wajen amfani kuwa, ta yi kama da "to" ta Hausa: murya ce ke yanke ma'anarta. Takan nuna amincewa, takan nuna mutum na nan lafiya bayan ya yi tuntuɓe, takan rufe magana a buɗe wata. Amma in Bature ya ɗanɗana tuwo ya ce OK ne, kada uwargida ta yi saurin murna. Nufinsa ba yabo ba fallasa.

Ta kai har duniyar wata. Ranar 20 ga Yuli, 1969, da kumbon Apollo 11 ya sauka, tana cikin kalmomin farko da ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya furta.