Maganin Ciwon Damuwa ta Hanci: Inda Binciken Ƙwayoyin Nano Ya Kai

Ciwon tsananin damuwa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa yana addabar mutane kimanin miliyan 280, cuta ce da ke cikin ƙwaƙwalwa, amma kusan duk magungunansa ta baki ake shan su, don haka sai sun yi dogon zagaye kafin su isa inda ake bukatarsu. Maganin da aka haɗiya yakan narke a ciki, ya ratsa hanji, jini ya kai shi hanta, ita kuma hanta ta lalata wani kaso nasa tun bai shiga sauran jiki ba. A wani magani mai suna agomelatine, abin da ke tsira bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Wanda ya tsira kuma sai ya tarar da shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wato matsattsen bangon jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa da ke tare baƙin sinadarai. Tun a 1885 Bajamushe Paul Ehrlich ya lura cewa rinin da ya zuba a jinin dabba ya rine gaɓoɓinta amma ya bar ƙwaƙwalwa fes. Magungunan damuwa suna iya tsallake wannan shinge, sai dai akwai wasu sunadarai a jikinsa da ke tunkuɗo wani ɓangare na irin su venlafaxine da paroxetine su mayar da shi cikin jini.

Wannan ne ya sa hankalin masana ya koma kan hanci. A can ƙololuwar kogon hanci akwai wani siririn ƙashi mai huda-huda kamar rariya, kuma ta waɗannan hudoji ne jijiyoyin jin ƙamshi suke saukowa daga ƙwaƙwalwa su shimfiɗu a cikin majina, ta yadda abin da ya sauka a wurin zai iya bin gefensu ya haura ba tare da ya bi ta hanta ko ta shingen ba. Wata jijiyar, wadda ke ɗaukar jin taɓawa da zafi daga fuska, ita ma tana ba da hanya ta biyu zuwa tushen ƙwaƙwalwa. William Frey, wani masani a jihar Minnesota ta Amurka, ya gabatar da wannan dabara tun a 1989.

Sai dai hanci yana da tsaronsa. Majina da 'yan siraran gasun da ke ƙarƙashinta suna share duk abin da ya shiga su tura shi maƙogwaro cikin minti 15 zuwa 20, kuma ƙofar hanci ɗaya ba ta riƙe abin da ya wuce ɗigo biyu ko uku. A nan ne ƙwayoyin nano suke da amfani. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kuma ƙwayoyin da ake sarrafawa don wannan aiki galibi ba su wuce nanomita 200 ba, alhali kaurin silin gashin mutum yana kai nanomita 80,000. Kowace ƙwaya ƙulli ce da aka ɗure magani a cikinta. Wasu ana yin su da kitosan, sinadarin da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, wanda ke manne wa majina ya hana a share maganin da wuri, ya kuma ɗan sassauta matsin da ke tsakanin ƙwayoyin halittar bangon hanci don maganin ya ratsa. Wasu da maiƙo ake yin su, wasu kuma da irin sinadarin zaren ɗinkin tiyata da ke narkewa da kansa, wanda ke sakin maganin kaɗan-kaɗan.

Gwaje-gwajen da aka yi, musamman a jami'o'in Indiya, sun nuna cewa venlafaxine da aka ƙulle a kitosan aka ɗiga a hanci ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa fiye da wanda aka bayar ta jijiya. Amma a ɓeraye aka yi su, kuma a nan gizo ke saƙa, domin sashen jin ƙamshi ya mamaye kusan rabin kogon hancin ɓera, yayin da a mutum bai kai kashi 10 cikin 100 ba, yana kuma can lungun da feshi yake wahalar kaiwa. Ga kuma mura da toshewar hanci, waɗanda kan sa adadin maganin da ke shiga ya bambanta daga rana zuwa rana.

Gaskiya ne akwai maganin damuwa na fesawa a hanci, wato esketamine, da ake sayarwa da sunan Spravato, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2019 don waɗanda sauran magunguna suka kasa yi wa aiki. To amma babu ƙwayoyin nano a cikinsa, a asibiti kawai ake ba da shi, ana sa wa majinyaci ido na aƙalla awa 2, kuma saurin aikinsa daga irin sinadarinsa ya samo asali. Wannan batu ne da ya kamata a fahimta, domin makonnin da magungunan damuwa na yau da kullum kan ɗauka kafin su yi tasiri ba tsawon hanya ne ke jawo su ba, lokaci ne da ƙwaƙwalwa ke bukata don ta sauya. Abin da ya fi dacewa a sa rai daga hanyar hanci shi ne rage yawan maganin da kuma rage illarsa ga ciki da hanta.

Akwai kuma haɗarin da ba za a kau da kai a kansa ba: a 2009 hukumar ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan wani maganin mura na shafawa a hanci mai sinadarin zinc, bayan mutane da dama sun rasa jin ƙamshi. Maganin damuwa kuwa watanni ake yi ana amfani da shi. Har yanzu babu maganin damuwa na ƙwayoyin nano ta hanci da aka amince da shi a ba mutane, saboda haka mai fama da wannan ciwo ya ga likita, ya riƙe maganin da aka rubuta masa, kada kuma ya kuskura ya daka ƙwayar magani ya shaƙa.