Kulle Saƙo a Wayar Salula: Darasi Daga Yammacin Zamfara

Ɗalibin ilimin halittu ya san cewa a cikin miyau akwai wani sinadari wanda sitaci kaɗai yake narkarwa, ba ya taɓa nama. Haka manhajar Signal take kulle saƙo: wayar wanda aka aika wa ce kaɗai ke da mabuɗin, ko masu manhajar ba sa iya karantawa. Tsarinta kuma a buɗe yake, kowane masani na iya bincikarsa ya gano aibi. WhatsApp ta kammala ɗaukar wannan makulli a 2016, amma nata tsarin a rufe yake.

A yankin da fallasar ranar tafiya kasuwa kan jawo asarar rai, wannan ba ƙaramin abu ba ne. To, me ya hana ɗan kasuwar Gummi komawa Signal? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dillalinsa da danginsa suna WhatsApp. Wa zai aika wa?

Sai kuma matsalar layi. A Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Daga Anka har Bukkuyum manhajojin biyu suka yi tsit. Briar, wadda ita ma buɗaɗɗiya ce, tana aiki ta Bluetooth ba intanet, sai dai zangonta 'yan taku ne.

Saboda haka duk mai son sauyi ya ja mutanen gidansa su koma tare. Ya kuma sa wa wayar lambar sirri, domin in ta faɗa hannun ɓarawo a buɗe, makullin saƙo ya tashi a banza.