3.2 Hanyoyin Tsimin Batir a Manhajar Linux

A wannan sashe za a yi bayanin yadda ake tsawaita ƙarkon batirin kwamfutar tafi-da-gidanka mai amfani da Linux, wato manhajar nan da Linus Torvalds ya fara fitarwa a 1991, wadda kowa ke da damar duba cikinta ya yi gyara. Batun yana da muhimmanci ga ɗalibin da ke zaune inda wuta ba ta tsayawa, musamman ganin yawancin kwamfutocin da ke hannunmu 'yan gwanjo ne, batirinsu ya riga ya sha jiki.

Da farko ya kamata a fahimci lissafin. Idan batir yana ɗaukar wat-awa 50, kwamfutar kuma tana jan wat 10, to awa 5 za ta yi. In aka rage jan ya koma wat 8, sai ta yi awa 6 da kwata. Ke nan duk aikin waɗannan manhajoji bai wuce rage abin da ake ja ba.

Manhaja ta farko ita ce PowerTOP, wadda kamfanin Intel ya fitar a 2007. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana da matakan barci daban-daban, kuma gwargwadon nisan barcinta, gwargwadon ƙarancin wutar da take ci. A da, cibiyar Linux takan tashe ta sau 100 zuwa 1000 a kowace daƙiƙa, ko da aiki ko babu. An magance wannan a fitowa ta 2.6.21 a shekarar ta 2007, amma sauran manhajoji ba su daina tashinta ba. Aikin PowerTOP shi ne ta tona asirin masu hana ta barcin, sannan ta ba da shawarar gyara. Illarta ita ce gyaran da aka yi yakan ɓace da zarar an kashe kwamfutar.

Wannan giɓi ne TLP ta cike. Ita tana aiki da kanta tun daga kunnawa, kuma tana bambance lokacin da aka jona wuta da lokacin da ake kan batir, sai ta sassauta gudun furosesa, ta sa faifan ajiya da na'urar Wi-Fi su huta. Amma fa ba a rasa cikas: barcin da ake sa wa ƙofofin USB kan sa wasu na'urori su riƙa yankewa, sai an ware su a fayil ɗin /etc/tlp.conf. Haka kuma ba a son haɗa ta da power-profiles-daemon da ke zuwa tare da GNOME, domin saiti ɗaya suke rububi.

A ra'ayin mai wannan bincike, mafi amfanin abin da ke cikin TLP shi ne ƙayyade caji. Batirin litiyam yana saurin tsufa idan ya daɗe a cike maƙil, balle a haɗa da zafi irin na bazara. A kwamfutoci irin su ThinkPad ana iya umartar caji ya tsaya a kashi 80 cikin 100, kada ya sake farawa sai ya sauka ƙasa da 75. Sai dai wanda bai san ranar dawowar wuta ba zai ji ciwon kashi 20 ɗin da ya bari, don haka wannan saiti ya fi dacewa da mai aiki a ofis ko mai wutar sola.