Tauraron Shi'ira da Lokutan Ganinsa a Sarkin Yamma

Daga cikin taurarin da ido ke iya gani da dare babu wanda ya kai Shi'ira haske, wato tauraron da Alƙur'ani ya ambata a Suratun Najmi, wanda kuma Turawa ke kira Siriyus. Zara, wadda ake kira Gamzaki idan ta fito da asuba, ta fi shi ƙyalli, sai dai ita duniya ce mai kewaya rana, haskenta kuma na aro ne, alhali Shi'ira wuta ce mai ci da kanta, wadda haskenta ya ninka na rana kusan sau 25. Nisansa ya kai shekarar haske 8.6, ma'ana hasken da ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya yana shafe sama da shekara takwas kafin ya iso ƙasa.

Ganin tauraro ya danganta da farko ga inda mai kallo yake tsaye. Sarkin Yamma, da ke yankin Madarunfa a jihar Maraɗi, yana wajen digiri 13 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka Shi'ira kan hau har kusan digiri 60 a sararin kudu, nesa da ƙura da hayaƙin da ke taruwa a gindin sama. Wannan matsayi ne kuma ya sa ake ganin Suhailu, na biyu a haske, can ƙasa da shi, yana hawa har kimanin digiri 24 sama da gindin sama, alhali mazauna Faransa da Ingila ba su taɓa ganinsa daga ƙasashensu.

Abu na biyu shi ne lokacin shekara, domin kewayar da duniya ke yi wa rana kan sa kowane tauraro ya riga fitowarsa ta jiya da kusan minti 4. A watan Janairu, bayan sallar Isha'i, mai neman Shi'ira zai fara da taurari uku da suka jeru reras a gabas. Idan ya bi layinsu zuwa sama zai nufi wajen Kaza da 'ya'yanta, idan kuwa ya bi shi zuwa ƙasa ta kudu maso gabas zai ci karo da wani farin tauraro mai walƙiya da shuɗi da ja, wannan shi ne Shi'ira. Sauyin launin ba daga jikinsa yake ba, iska ce mai bambancin zafi da sanyi ke karkata hasken, shi ya sa walƙiyar ke raguwa idan ya yi sama. A watan Maris yana tsakiyar kudu da magariba, a Mayu yana gab da faɗuwa, sannan ya ɓuya cikin hasken rana na makonni, sai cikin Yuli ya sake ɓullowa da asuba. Irin wannan ɓullowa ce Misirawan dā suka ɗauka alamar cikar kogin Nilu.

Abu na uku shi ne tsabtar iska. Lokacin da Shi'ira ya fi kyan kallo ya zo daidai da hunturu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, don haka a daren hazo ƙananan taurari kan dushe ƙurmus, a bar shi da 'yan kaɗan. Farin wata da fitilun birnin Maraɗi su ma suna rage duhun da ido ke bukata, shi kuwa ido kan ɗauki kusan minti 20 kafin ya saba da duhu.

Manoma da malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna lissafin damina da manzilolin taurari 28, irin su Haka'a da Hana'a da Zira'a, kusan kowanne da kwanakinsa 13, kuma wannan ilimi ya ginu ne a kan dogon lura da ido. Yaron da aka nuna wa Shi'ira ya samu mafarin da zai gane sauran taurari, ya san kudu da arewa, ya kuma fahimci cewa tafiyar sama tana da ƙa'idar da ake iya lissafawa, don haka ya dace iyaye da makarantu su koyar da shi tun da wuri.