Ɓarɓashin Leda Da Ke Toshe Matatun Ruwa

Duk wanda ya bi ta Tsiga cikin Ƙaramar Hukumar Bakori, ko wani ƙauyen da ke tsakanin Funtua da Malumfashi, zai ga ledojin fiya wata da tsofaffin buhunan taki warwatse a kasuwa da bakin gonaki. Waɗannan ba su ruɓewa kamar karan dawa. Rana ce ke gasa su har su dagargaje, sa'an nan ruwan damina ya kwashi ɓarɓashin zuwa rafuka da tafkuna. A wannan yanki kuwa ake da madatsun Mairuwa da Gwaigwaye, waɗanda Funtua ta dogara da su.

Masana kimiyya suna kiran duk guntun robar da bai kai milimita 5 ba ɓarɓashin roba, kuma da yawansa ido ba ya iya gani. Wani shaihin malami, Richard Thompson na Jami'ar Plymouth a Ingila, shi ya jawo hankalin duniya gare shi a 2004. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kansa, inda ta nemi a ƙara bincike game da illarsa, ta kuma nuna cewa tacewa mai kyau tana kawar da mafi yawansa daga ruwan sha.

To, a nan ne aikin yake. Gidan ruwa irin na gargajiya yana amfani da alif da yashi da kulorin. Amma injinan zamani, kamar waɗanda masu yin ruwan leda da na gora suke kafawa, suna tura ruwa ta cikin wani tantani mai ƙananan ƙofofi ƙwarai. Ɓarɓashin roba yakan maƙale a bakin ƙofofin, laka da kanwar ruwa su taru a kansa, ƙwayoyin cuta kuma su shimfiɗa yauƙi bisa. Sai ruwa ya ragu, famfo ya yi ta wahala, a ƙone mai a banza, wani lokaci ma ɓarɓashi mai kaifi ya kankare tantanin.

Ka'idar ma'aikata ita ce a wanke tantani da zarar ruwan da ke fita ya ragu da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Akwai irin da ake korar ruwa ta bayansa, a haɗa da kumfar iska, don a girgiɗe dattin. Daga nan a jiƙa shi da ruwan soda mai cin maiƙo da yauƙi, a bi da ruwan tsami mai narkar da kanwa. Abin lura shi ne magungunan nan ba su narkar da roba. Abin da ya manne ta kurum suke ci, sai ruwa ya tafi da ita. Mafi ƙanƙantar ƙofa cikin tantanan kuwa ba a korar ruwa ta bayansa, kuma kulorin na lalata shi. Saboda haka lalle a tare datti tun a yashi da gawayi kafin ya isa gare shi.

Saura da me? Ruwan wankin. Idan aka zuba shi a kwata, ɓarɓashin ya koma rafi ke nan, an yi tufka da warwara. Kamata ya yi a tara shi a rami ya kwanta, a kwashe lakar a binne.

Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Kafin a kai nan, ma'aikatan tsabta da sarakunan kasuwa da 'yan makaranta suna iya tattara leda da buhuna kafin saukar ruwan farko, domin ledar da aka tsince a Tsiga ba za ta toshe matatar kowa ba.