Tsirrai Masu Daɗewa da Renon Dashe a Lambunan Ƙasar Gumel

Idan aka ce tsiro mai daɗewa, ana nufin wanda ba itace ba ne, amma kuma ba ya mutuwa da wucewar damina kamar gero ko riɗi. Ganyensa yakan bushe da rani, saiwarsa kuwa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, da zarar ruwa ya sauka sai ta sake tofowa. Wannan ɗan bayani zai duba amfanin irin waɗannan tsirrai ga mai lambun da ke renon dashen itatuwa a ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a arewacin Jihar Jigawa.

Ƙasar wannan yanki jigawa ce mai rairayi, damina kuma gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Farin da aka yi a 1973 da na 1984 sun nuna wa jama'a irin ɓarnar da iska ke yi wa ƙasar da ba ta da abin da zai riƙe ta. Saboda haka ruwa da iska su ne manyan matsalolin mai lambu.

Gamba ita ce kan gaba. Akan dasa ta a layi a gefen lambu, musamman ta gabas da arewa inda iskar hunturu ke fitowa, saiwarta ta riƙe rairayi. Bayan kaka a yanke ta a saƙa zana. Gadali kuwa yana da gindi kamar albasa, a nan yake ajiye ruwa da abinci, shi ya sa yake jure rani ba tare da ban ruwa ba. Na'ana'a ta bambanta da su, domin ba ta haƙuri da ƙishirwa, wurinta shi ne bakin rijiya.

Dukansu ba sai an nemi iri ba. Da ruwa ya zauna, sai a tono tsohon gindi, a raba shi gida uku ko huɗu, kowane da saiwarsa, a dasa. Gindin da aka bari shekara da shekaru ba a raba ba yakan cunkushe, ƙarfinsa ya ragu.

Dangantakarsu da wurin renon dashe kuwa a fili take. Akan shuka darbejiya da zogale da dakwara a leda tun da bazara, domin su isa dashe a tsakiyar damina. Lokacin nan ne rana ta fi zafi, zanar gamba ce kuma ke yi musu rumfa. Haka nan ruwan da ke tsiyayewa daga ledojin, in an gyara masa hanya zuwa fangalin na'ana'a, guga ɗaya ya yi aiki biyu. Ɗan kuɗin na'ana'a da na zana shi ke riƙe mai lambu kafin dashe ya isa sayarwa, don kuwa da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Abin tsoro ɗaya ne, wato awakin da ake saki da rani. Lambun da ba shi da shinge mai ƙarfi, wahalar wata uku tana iya ƙarewa a yini guda. Don haka shinge ake fara kafawa kafin a cika leda ko ɗaya.